Katafilar sata a kan titi: me ya sa tsayar da ita ke gagarar 'yan sanda?

A watan Nuwamban 2023, a garin Ann Arbor da ke jihar Mishigan ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 12 ya tarar da injin ɗaga kaya mai dogon hannu da 'yan kwangila suka ajiye a bakin wata makaranta. Ba a kulle ƙofar ba, makullin kuma yana ciki. Ya hau, ya tayar, ya miƙi titi bayan duhu ya shiga, ko fitila bai kunna ba. 'Yan sanda suka bi shi da jiniya kusan awa guda, suna roƙonsa ta lasifika ya tsaya, alhali gudun bai wuce kilomita 25 zuwa 30 a awa ba. Kafin ya tsaya don kansa, ya daki motoci kusan goma da ke ajiye a gefen hanya. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni.

Bidiyon ya zaga intanet, kuma akasarin waɗanda suka kalla dariya suka yi. Ni abin tsoro ya ba ni. Ga jami'ai da motoci da bindigogi da horo, ga ƙaramin yaro a cikin injin da mai keke zai iya cim masa, amma ba abin da suka iya yi sai bin bayansa. Ba sakacinsu ba ne. Da zarar irin wannan inji ya hau kwalta a hannun wanda bai kamata ba, kusan duk dabarun da aka sani na tsayar da mota sun tashi aiki. Shi ya sa nake ganin wurin da ya kamata a zuba ido shi ne inda aka ajiye injin da dare, tun kafin wani ya kai hannu.

Manyan injinan da ake magana a kansu iri-iri ne: buldoza mai ture ƙasa, injin haƙa mai dogon hannu da bokiti, injin loda yashi da dutse, gireda, tarakta, har da tankar yaƙi da motar sulke. Ba don titi aka ƙera su ba. Injinan haƙa masu ƙafar sarƙa da ƙyar suke wuce kilomita 5 ko 6 a awa, shi ya sa ake ɗora su a kan tirela idan za a sauya musu wurin aiki. Masu taya kan kai kilomita 30 zuwa 40. Ko mai injin ne zai fito da shi titi, ƙasashe da yawa sun ɗora masa sharuɗɗa: fitilar gargaɗi mai walƙiya, alamar nan mai kusurwa uku da ke nuna abin hawa ne mai tafiyar hawainiya, wani lokaci har da motar rakiya da izini a rubuce. Wanda ya sato ba ya bin ko ɗaya.

Su wa ke wannan aiki?

Ƙwararren ɓarawon injina ba ya son titi ko kaɗan. Abin da yake so shi ne ya zo da tirela cikin dare, ko ma da rana tsaka sanye da rigar ma'aikata mai ƙyalli, ya loda ƙaramin injin haƙa ya tafi, masu wucewa su ɗauka kamfani ne ke kwashe kayansa. Idan ya tuƙa a titi, tazara kaɗan ce, zuwa inda tirelar ke jira. Wannan ita ce satar da ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ita ce ba a gani a bidiyo. A Amurka, masu tattara bayanan irin wannan sata tare da kamfanonin inshora sun daɗe suna ƙiyasta asarar tsakanin dala miliyan 300 zuwa biliyan 1 a shekara, kuma abin da ake ganowa bai wuce ɗaya cikin huɗu ko biyar ba.

Akwai kuma masu ɗaukar injin don su yi wani laifin da shi. A 2019 wannan ya addabi tsibirin Ailan, arewa da kudu. 'Yan fashi kan sato injin haƙa daga wurin gini mafi kusa, su tuƙo shi zuwa shago ko banki, su tumɓuke na'urar ATM daga jikin bango. A garin Dungiven, a watan Afrilun shekarar, kyamara ta ɗauki yadda aka yi: cikin ƙasa da minti biyar bokitin ya ɓarke bangon, ya ɗago na'urar, ya jefa ta cikin wata ƙaramar motar kaya da aka yanke wa rufi don wannan aikin. Sau da yawa sukan banka wa injin wuta kafin su gudu, don ɓatar da sawu. Sai a wayi gari mai shago ya rasa bango, ɗan kwangila ya rasa inji, mutanen ƙauye kuma sun rasa wurin cirar kuɗi ɗaya tilo da suke da shi.

Waɗanda suka fi haɗari a kan titi su ne waɗanda ba kuɗi suke nema ba: yaro mai son gwadawa, wanda ya bugu, ma'aikacin da aka sallama yana jin an zalunce shi, ko wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Ɓarawon da ke neman riba yana gudun a gan shi, don haka ana iya hasashen abin da zai yi. Waɗannan kuwa ba su da inda za su. A watan Yunin 2018, wani hafsan rundunar tsaron jihar Bajiniya ta Amurka ya fito da motar sulke ƙirar M577 daga sansanin Fort Pickett, ya yi tafiyar kusan kilomita 100 a kan babban titi, 'yan sanda na biye, har tsakiyar birnin Richmond kusa da majalisar jihar, inda ya tsaya. Daga baya kotu ta yanke cewa ba ya cikin hayyacinsa lokacin da ya aikata. Na kawo wannan ne don a gane cewa tsananta hukunci, komai kyawunsa, ba ya tsorata wanda bai san me yake yi ba, haka ma ɗan shekara 12.

Makulli ɗaya, injina dubu

Abin da ke ba mutane mamaki idan suka fara ji shi ne, injin da kuɗinsa ya ninka na ƙaramar mota sau goma ya fi ta sauƙin sata. Shekara da shekaru kamfanonin ƙera waɗannan injina suna sayar da su da makulli iri ɗaya. Wato makullin da ya tayar da wannan injin zai tayar da dubban 'yan'uwansa na kamfanin, a kowace ƙasa suke. Ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma ana sayar da irin waɗannan makullai a fili.

Da dalili aka yi haka, kuma masu sayen ne suka so. A babban wurin aiki direbobi na karɓa-karɓa, bakanike na zagayawa daga wannan inji zuwa wancan, kamfanin haya na tura injin yau nan gobe can. Idan kowane inji da makullinsa, ranar da direba ya tafi gida da shi a aljihu aiki ya tsaya, motocin kankare na jira, ana biyan leburori suna zaune. Sai aka zaɓi sauƙin aiki a kan tsaro. Ƙananan motoci sun bar wannan matakin tun tuni. A Turai, tun ƙarshen shekarun 1990 doka ta wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke hana inji tashi sai ya gane makullinsa na asali, kuma satar mota ta ragu sosai bayan haka. Injinan gini an bar su a baya. Tankokin yaƙi da yawa ma ba su da makullin tayarwa sam, domin ba a son soja ya tsaya laluben makulli ana ruwan wuta. Kwaɗon da ke ƙofa da shingen bariki su ne tsaronsu.

Sai kuma yadda ake ajiya. Wurin gini ba gareji ba ne. Fili ne da aka kewaye da waya ko langa-langa, wani ma a gefen titi yake ba shinge. Ana tashi aiki a ƙarshen mako, ba mai sake leƙawa sai ranar komawa, don haka injin da aka ɗauke a daren farko ya samu kwana biyu kafin a san ba ya nan. Direbobi da yawa kuma sun saba ɓoye makulli a cikin injin, ƙarƙashin kujera ko bayan wani murfi, wuraren da duk wanda ya taɓa aikin ya sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan tsagar a fili take.

Bayan an sace, sayarwa ba ta da wuya. Mota tana da lamba, tana da takardu, tana cikin rajistar hukuma, kuma tun 1981 Amurka ta daidaita lambar shaidar motoci mai harafi da alƙalami 17. Injinan gini sai a farkon shekarun 2000 aka daidaita musu irin wannan lamba, kuma har yau a wurare da yawa ba rajistar dole da ke nuna wane ne mai inji. Tsofaffin kowane kamfani da tsarin lambarsa da inda yake buga ta. Ɗan sandan da ya tsayar da tirela ɗauke da injin haƙa da tsakar dare, ko ya yi zargi, bai san inda zai duba ba, in ya duba ma ba shi da inda zai tambaya. Ɓarawon zaune kuwa sai ya kankare lamba, ya sake fenti, ya sa a kwantena zuwa wata ƙasa, ko ya wargaza ya sayar da kayan gyara ɗaya bayan ɗaya. Mai saye da ya ga araha sau da yawa ba ya son yawan tambaya, kuma shi ma da nasa kason a laifin.

Idan ta riga ta hau kwalta

Mutane na raina waɗannan injina saboda rashin gudu, amma nauyi ne ke magana. A ɗauki injin loda mai tan 20 yana tafiyar kilomita 30 a awa. Ƙarfin da zai daki abu da shi daidai yake da na ƙaramar mota mai tan ɗaya da rabi da ke gudun kusan kilomita 110 a awa. Bambancin ma ya fi haka muni. Ƙaramar mota an ƙera gabanta ya lotse don ya shanye bugu, kuma da ta yi karo ta tsaya. Injin loda ƙarfe ne zalla, ga bokiti mai haƙora a gaba, kuma an yi shi ne musamman don ya ci gaba da turawa idan ya haɗu da abin da ya tokare shi. Motar da ta tare masa hanya, a wurinsa tulin ƙasa ce.

Yanzu a duba abin da 'yan sanda ke da shi. Akwai shimfiɗar ƙusoshi da ake jefawa a titi don fasa taya. Tayar injin gini tana da kaurin da aka yi don taka dutse da ƙarfen rodi, wasu ma an cika cikinsu da roba ba iska, masu sarƙa kuwa ba su da tayar da za a fasa. Akwai dabarar gogar mota ta gefen baya don a juyar da ita, wadda ke aiki idan nauyin motocin biyu ya yi kusa. Motar sintiri mai tan biyu ba za ta juyar da tan 20 ba, ita ce za ta murƙushe. Shinge da motoci, an riga an faɗi makomarsa. Jira mai ya ƙare kuwa, tankin dizal na waɗannan injina an yi shi ne ya ɗauki aikin yini guda. Harbin inji da ƙaramar bindiga bai cika yin komai ba, harsashin da ya daki ƙarfe mai kauri kuma yana iya karkata ya samu wanda ke tsaye a gefe.

Abin da ya faru a San Diyego ranar 17 ga Mayun 1995 shi ne misalin da har yau ake komawa gare shi. Shawn Nelson, tsohon soja mai shekara 35 wanda ya san tuƙin tanka, rayuwa ta yi masa zafi, sana'arsa ta aikin famfo ta durƙushe, ga shaye-shaye. Ya shiga ma'ajiyar makaman rundunar tsaron jihar Kalifoniya, ya gwada tanka ta farko da ta biyu ba su tashi ba, ta uku ta tashi. Ƙirar M60A3 ce, mai nauyin kusan tan 57, ba harsashi a cikinta, kuma ba ta buƙace shi ba. Cikin kusan minti 23 ta bi ta unguwannin jama'a tana take motoci kusan 40, tana karya turakun lantarki da famfunan kashe gobara da fitilun hanya, dubban gidaje suka rasa wuta. 'Yan sanda suna biye, suna kallo. Abin da ya tsayar da ita shingen kankaren da ya raba babban titi mai lamba 163 ne: Nelson ya yi ƙoƙarin haurawa zuwa ɗaya hannun, inda motoci ke tahowa, sai tankar ta maƙale a kai. Jami'ai suka hau, suka yanke makullin murfin, suka ce ya fito, ya ci gaba da ƙoƙarin kuɓutar da tankar, ɗayansu ya harbe shi. Shi kaɗai ya mutu a ranar. Da tankar ta haura shingen nan, da lissafin ya sha bamban.

A lura da yadda abin ya ƙare: injin ne ya maƙale, ba dabarar kowa ba ce. Haka ma a garin Granby na jihar Kolorado ranar 4 ga Yunin 2004. Wannan buldozar ba ta sata ba ce, ta Marvin Heemeyer ce, ƙirar Komatsu D355A da ya lulluɓe da ƙarfe da kankare, amma darasin ɗaya ne. An yi mata ruwan harsashi a banza, an tare ta da wani babban injin ta ture shi, ta rusa gine-gine 13 cikin awa biyu da 'yan mintuna. Sai da lagiretonta ya fashe, ƙafarta ɗaya ta zurma cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani shago, sannan ta tsaya.

Inda aka yi nasara da gangan, da wani injin aka yi. A 2024, a gundumar Gwinnett ta jihar Jojiya da ke Amurka, wani tsohon ma'aikacin kamfanin kwashe shara ya fito da injin loda ya hau titi. Da 'yan sanda suka ga motocinsu ba za su iya ba, sai aka koma kamfanin aka taho da wani injin lodan, ma'aikacin da ya iya shi yana tuƙi, ya cim masa ya kifar da shi a gefen hanya. An yaba, kuma ya cancanci yabo. Sai dai a tuna cewa farar hula ne aka sa ya yi kasada da ransa, kuma an yi sa'a akwai inji na biyu a kusa da wanda ya yarda ya hau.

Ko wanda ya sato ba shi da niyyar cutar da kowa, haɗarin na nan. Waɗannan injina ba sa tuƙuwa kamar mota. Injin loda a tsakiya yake lanƙwashewa, wasu injinan ɗaga kaya da tayoyin baya suke juyawa, don haka gindinsu na sharo abin da direba bai yi zato ba. Akwai wurare masu faɗi a gaba da baya da gefe da wanda ke kan kujera ba ya gani ko kaɗan, har ƙwararrun direbobi sai da ɗan jagora a ƙasa suke motsawa a wurin da mutane suke. Wanda bai iya ba yakan tafi da hannun injin a ɗage, ya tsinke wayoyin lantarki, ko ya daki ƙasan gada, ko nauyin ya rinjaye shi a kwana ya kife. Ƙafar sarƙa kuma tana cin kwalta, tana fasa bakin titi da murfin magudana, ɓarnar da jama'a za su biya daga baya. Da dare, inji marar fitila mai tafiyar kilomita 20 a kan titin da ake gudun 100, direban da ke tahowa daga baya sai ya zo dab zai gane cewa abin da ke gabansa kusan a tsaye yake.

Don haka abin da jami'ai masu hankali ke yi shi ne su share hanya. Su rufe mahaɗar tituna a gaba, su kawar da masu tafiya a ƙasa, su hana 'yan kallo masu ɗaukar bidiyo matsowa, su yi ta magana da direban, su nemi mai injin ko dillalinsa ya faɗa musu inda rauninsa yake. A ido kamar gazawa ce. A ganina ita ce hanya mafi daidai, musamman da yake sau da yawa ba a san wanda ke ciki ba. Harbin direba shi ne mataki na ƙarshe, kuma ko shi ba ya ba da tabbacin injin zai tsaya, tunda yana iya ci gaba da tafiya ba mai riƙe da shi. Wanda ya ci karo da irin wannan a hanya, abin da ya fi masa shi ne ya ba da tazara mai yawa, kada ya yi ƙoƙarin wucewa ta gefe ko tarewa, in ta kama ya bar motar ya tsira da ransa.

Maganin ya daɗe da samuwa

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba sabuwar fasaha ake jira ba. A ƙarshen shekarun 1990 Japan ta yi fama da irin fashin ATM da injin haƙa na sata. Yana cikin dalilan da suka sa kamfanin Komatsu ya ɓullo da tsarin Komtrax, na'urar da ke amfani da tauraron ɗan'adam ta nuna inda inji yake, ta kuma ba da damar a kulle shi daga nesa ya ƙi tashi. Daga 2001 kamfanin ya fara sa ta a injinansa na Japan tun daga masana'anta. Yau manyan kamfanoni kowa da irin nasa: Caterpillar na da Product Link, JCB na da LiveLink. Mai inji na iya shata masa iyaka a taswira, da ya fita ko aka tayar da shi da tsakar dare saƙo ya shigo wayarsa. Akwai kuma allon lambobin sirri da ke maye gurbin makullin gama-gari, kowane direba da lambarsa.

Duniya ta ga ƙarfin wannan a 2022, lokacin da aka ba da rahoton cewa sojojin Rasha sun kwashe injinan noma na John Deere na kusan dala miliyan 5 daga wani dillali a birnin Melitopol na Yukren, aka kai wasu har Checheniya, tafiyar fiye da kilomita 1,000, suka ƙi tashi saboda an kulle su daga nesa. Labarin ya yi wa mutane daɗi, amma ya tayar da wata tambayar da ba za a yi watsi da ita ba: idan kamfani na iya kashe injin da ɓarawo ya ɗauka, yana iya kashe na manomin da ya yi jinkirin biyan bashi, kuma ɗan kutsen da ya shiga tsarin na iya kashe dubbai a rana ɗaya. Damuwa ce ta gaske, kuma amsarta doka ce da za ta fayyace wa ke da ikon danna maɓallin da kuma yaushe. Ya kamata kuma a san iyakar fasahar. Akasarin waɗannan tsare-tsare hana inji sake tashi suke yi, ba kashe shi yana cikin tafiya ba, domin injin da aka kashe farat ɗaya a kan gangara yana iya rasa ƙarfin sitiyari ya zama wani bala'in. Ƙwararrun ɓarayi kuma sun iya neman na'urar su cire, ko su toshe siginarta. Amma yaro da mashayi da mai fushi ba su da wannan shirin, kuma su ne ke hawa titi.

Birtaniya ta bi ta wajen shaida. A 2007 masana'antar injinan gini ta ƙaddamar da tsarin CESAR, inda ake manna wa inji alama mai kusurwa uku da lambar rajista, a ɓoye ƙananan na'urorin shaida da ɗigo-ɗigon lambobi a sassan jikinsa, yadda ɗan sanda zai iya tantance mai shi a kowane lokaci ko an sake fenti. A 2023 kuma majalisar ƙasar ta zartar da dokar hana satar injina, wadda ta ba gwamnati ikon wajabta na'urar hana tashi da alamar shaida a kan sababbin da ake sayarwa a Ingila da Wales. Da baburan gona masu taya huɗu aka fara tunani, tare da damar faɗaɗawa zuwa wasu injinan. Dokar Ingila ta daɗe da bambanta wanda ya ɗauki abin hawa don ya mallake da wanda ya ɗauka ba izini kawai, kuma tun 1992 ta ƙara nauyin hukunci idan ɗaukar ta jawo tuƙin ganganci ko rauni ko ɓarna.

Duk wannan yana kan wanda ya ɗauka. Inda nake ganin an yi sassauci da yawa shi ne kan wanda ya ajiye. Laifin sata na ɓarawo ne, ba na musun wannan, kuma ɗan kwangilar da aka ɗauke wa inji shi ma an cuce shi, wani ma ƙaramin mai sana'a ne da injin nan ɗaya shi ne jarinsa. Amma wanda ya mallaki abin da zai iya rusa gida ya ɗauki amana, kamar yadda mai bindiga ko mai ajiye nakiyar fasa dutse ya ɗauka, kuma ba wanda ke ganin an takura musu don an ce su kulle. Barin makulli a cikin ƙaton inji a bakin makaranta bai kamata ya wuce a matsayin ƙaramin sakaci da inshora za ta share ba. Matakan ma ba su da tsada: a sauke bokiti ƙasa, a kashe makunnin batir a tafi da makullinsa, a kulle ƙofa da murfin tanki, a jera manyan injina su kewaye ƙananan, a ajiye lambar kowane inji da hotonsa a rubuce, a sauya lambobin sirri ranar da aka sallami ma'aikaci.

Wahalar da ta rage ita ce tsawon ran waɗannan injina. Buldoza ko injin loda na iya yin shekara 20 ko 30 yana aiki, yana sauya hannu daga babban kamfani zuwa ƙarami, daga gwanjo zuwa wata ƙasa, kuma a hanya rajistar na'urar bin sawu takan ƙare ba wanda ya sabunta. Dokar da ta shafi sababbi kaɗai ba za ta taɓa waɗannan ba sai bayan shekaru masu yawa. Ana iya ɗaura musu na'urar hana tashi da ta bin sawu daga baya, kuɗinta kuma kaɗan ne idan aka kwatanta da darajar injin. Masu iya tilasta hakan da wuri su ne kamfanonin inshora da ke iya ƙin karɓar injin da ba shi da ita, da kamfanonin haya, da hukumomin da ke ba da kwangilar hanya da gini, waɗanda za su iya rubuta shi cikin sharuɗɗan kwangila kamar yadda suke rubuta hular kwano da takalmin aiki.